Takardar da Ta Zo wa Mamaci

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum da kowa ke kira Mai Katako. Injin tsaga katako yake riƙe da shi a bakin kasuwa, cikin wata doguwar rumfa mai rufin kwano, inda zarto ke kuka tun safe har la'asar. Duk wanda ya wuce sai ya ce wannan kam Allah ya rufa masa asiri.

Amma injin ba nasa ba ne. Na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya kafa wurin da guminsa, har zarto ya taɓa cinye masa ƙaramin yatsan hannun hagu. Shi yayan a ƙarƙashin ƙanen yake aiki.

Ƙanen ya kwanta ciwo, kwana tara ya rasu. Ya bar mace da 'ya'ya mata uku, ga kuma tsohuwarsu da ranta. Da aka share makoki, aka ta da maganar gado, sai Mai Katako ya ce a dakata, inji ba ya rabuwa, shi zai riƙe wa marayu har su girma. Yana da ɗan rabonsa na halal a ciki, ku lura. Sai dai shi ba rabo yake so ba, duka yake so.

Don kada maganar ta sake tashi, bai taɓa zuwa ya sauya suna a takardun injin ba. Ya zauna ya koyi sa hannun mamacin, har ya fi mai shi iyawa. Shekara bakwai ƙanen yana kabari, amma a takarda yana raye, yana saye yana sayarwa. Matar ƙanen kuwa, duk wata ya aika mata ɗan abin cefane, kuma sai rabin kasuwa ta ji ya aika. Da wannan, da wani ɗan tallafin marayu da hukuma ke ba ta, take lallaɓa yaran. Kunyar yayan miji ta rufe mata baki.

Abin da zai ba ku mamaki, haraji bai taɓa wuce masa lokaci ba. Tun kafin a tambaya ya biya. Mutum ne mai tsananin tsoron hukuma. Tsoron Allah ne dai bai samu wurin zama a ƙirjinsa ba.

Wata ranar Talata da hantsi aka miƙo masa ambulan mai hatimin ofishin haraji, da sunan ƙanensa a bayanta. Layi biyar ne a ciki. Ana sabunta rajistar masu sana'a, ana son mai injin ya zo da kansa cikin wata ɗaya, da katin shaidarsa. Babu tara, babu tuhuma.

Ya karanta, gumi ya karyo masa. Ina zai samo mai injin? Ya je ya tono shi?

Daga ranar abinci ya daina shiga. Ya buɗe takardar, ya ninke, ya sake buɗewa, har ta fara yagewa ta wurin ninkin. Ya tsaya sallah ya rasa raka'a nawa ya yi. Mota ta tsaya a bakin rumfa, gabansa ya faɗi. Ya riƙa yi wa ma'aikata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Matarsa ta gane akwai magana, ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta ce, "Baban yara, wannan takarda rahama ce. Ka je ka ce ya rasu, a raba abin nan kowa ya ɗauki nasa. Ko tallan ruwa ne sai mu yi, mu ci."

Ya ce ta rufe masa baki, me ta sani game da hukuma?

Ya ɗauko tsohon katin ƙanen daga ƙasan akwati. Kama kam suna yi, in aka ƙara wa hoton shekara bakwai da furfura, shi ne. Sai ya juya bayan katin. A wurin alama ta musamman an rubuta cewa mai katin ba shi da ƙaramin yatsan hagu. Ya dubi hannunsa, yatsu biyar cif.

Ya 'yan uwa, ƙofa biyu ce a gabansa. Ɗaya ya faɗi gaskiya, ya rasa inji. Ɗaya kuma ku da kanku kun hango ta. Wane mai hankali ne zai bi ta biyun? Amma wanda ya shekara bakwai yana cin haram, ba da hankalin da muka sani yake lissafi ba.

Da azahar, ma'aikata sun tafi masallaci, rumfa ba kowa. Ya kunna injin. Ana tayar da sallah, shi kuwa ya ɗora hannunsa na hagu a kan teburin zarto, ya kau da kai.

Bai je asibiti ba, don a can za a rubuta suna da ranar da aka ji ciwon. Ya zuba baƙin mai, ya naɗe da tsumma, ya ce wa mutane ƙusa ce ta soke shi. Matarsa ta yi kuka, ta roƙe shi, ya ƙi.

Ranar da ya je ofishin, zazzaɓi na kaɗa shi a kan benci. Aka kira sunan ƙanensa, ya amsa. Ma'aikacin ya karɓi katin, ya jefa cikin kwali, ya ce an daina amfani da irinsa. Ko juya shi bai yi ba. Ya ɗauki hotonsa, ya sa ya dangwala babban yatsan dama, ya ce ya tafi an gama. Hannun hagun nan, har ya fito ba wanda ya kalle shi.

Ya koma gida yana cewa ya tsira. Bai san sabuwar rajistar nan haɗa bayanan ofisoshi take yi wuri guda ba. Bayan mako biyu matar ƙanen ta je karɓar tallafin marayu, aka ce babu. Aka ce mijinta yana raye, ga ranar da ya zo ya dangwala yatsa. Aka ce ita ce ta shekara bakwai tana yaudarar hukuma, za a gurfanar da ita.

Matar da ta haƙura da inji ba za ta haƙura a ɗaure ta a bar mata yara a titi ba. Ta ɗauko takardar shaidar mutuwa, ta kawo waɗanda suka yi wa mijinta wanka. Da aka nuna mata sabon hoton, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan Yaya ne."

A gadon asibiti 'yan sanda suka same shi. Ciwon ya ruɓe, ya haura, likita ya yanke hannun daga gwiwa. Daga nan sai kotu. Aka raba gado, marayu suka karɓi nasu, ɗan rabonsa na halal ya tafi a biyan abin da ya ci. Shi kuma aka wuce da shi gidan yari.

Kafin a tafi da shi ya roƙa a kawo masa tsohuwarsa. Aka riƙo ta, ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, ni ne." Ta tambaye shi wanne daga ciki. Ta ce ita maza biyu ta haifa, ƙaramin ta san inda aka binne shi, babban kuwa an ce mata ya je gaban hukuma ya amsa sunan wani. Ta juya, ba ta sake zuwa ba har ta koma ga Allah.

Ya 'yan uwa, takarda mai layi biyar ce ta hana mutumin nan ci da sha. Ma'aikacin da ya ji tsoro ko bayan kati bai duba ba. To, takardar ayyukansa da ake rubuta masa shekara bakwai fa, wadda masu rubuta ta ba sa tsallake komai? Ita ko sau ɗaya ba ta sa shi gumi ba. Dukiyar maraya wuta ce, duk ƙanƙantarta. Wanda yake riƙe da shago, ko gona, ko ɗaki ɗaya na marayu da sunan yana adana musu, ya tashi daga nan ya je ya mayar tun hannunsa biyu. Akwai kiran da ke zuwa wanda ba a ba da wa'adin wata ɗaya, kuma ba wanda zai amsa shi da sunan wani.

Allah ya tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba, ya kiyaye mu daga ƙarshe irin wannan, ya ba mu takardunmu a hannun dama. Amin.