Ɗorawar da Aka Nuna da Baki

Akwai wani mutum manomi, yana da gona wadda ya gada daga mahaifinsa. A ƙarshen gonar akwai rijiya da ba ta ƙafewa ko da rani. Da ruwanta yake lambu, da lambun kuma yake ciyar da gidansa. Da ya ga gari yana matsowa, ana ta yanka filaye, sai tsoro ya kama shi kada wata rana 'ya'yansa su rasa rijiyar. Ya kira safiyo, wato mai awon fili, domin ya auna gonar ya yi masa takarda. Suka shirya zai ba da rabin lada yanzu, rabi kuma in aiki ya kammala.

Ranar awon ta faɗo ranar kasuwa. Mutumin ya fito da buhun albasa a ka, hannuwansa biyu suna riƙe da shi. Safiyo ya tare shi a bakin hanya ya ce, "Maigida, daga ina iyakarka ta fara?" Mutumin bai sauke kaya ba. Ya turo baki wajen gabas, kamar yadda dukanmu muka iya, ya ce, "Daga ɗorawar can." Ya yi gaba.

Bayan mako guda ya je duba aiki. Ya tarar an kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, tsaf da su. Amma dutsen gabas yana tsaye kafin a kai rijiya. An bar rijiyar a waje da taku ashirin. 

Ya tafi wurin safiyo da fushi ya ce, "Malam, ka yanke mini rijiya. Ba zan ba ka sauran ladanka ba sai ka gyara."

Safiyo ya ce, "Na'urata ba ta ƙarya. Inda ka nuna, nan na fara. Takarda tana ofis, ranar Litinin za a buga mata hatimi. In ba ka biya ni ba, ba zan taka ƙafata in janye ta ba."

Wannan magana ta hana mutumin sakat. In ya biya, wa ya sani ko za a gyara? In ya ƙi, hatimi zai hau, rijiyar ubansa ta zama ta kowa. Aka kawo masa tuwo ya kasa ci. Ya je ya zauna a bakin rijiyar yana duban dutsen. Ya yi tunanin tumɓuke shi, sai ya tuna ko ya tumɓuke dutse, takarda tana nan. Ran Lahadi ya je sujada, amma ko kalma ɗaya ta wa'azi ba ta shiga kunnensa ba.

Da aka tashi, wani dattijon ikilisiya ya lura da shi, ya tambaye shi, ya ji labarin duka. Sai ya aika a kira safiyo, su uku suka tafi gonar. A bakin hanya dattijon ya ce, "Ɗana, tsaya inda ka tsaya ranar nan, ka nuna mini yadda ka nuna masa."

Mutumin ya tsaya, ya turo baki.

Dattijon ya duba, ya ƙara dubawa, ya ce, "Ni dai ɗorawa biyu nake gani, ɗaya a bayan ɗaya. Wacce ce taka?"

Mutumin ya ɗaga ido ya duba. Gaskiya ne, akwai ƙaramar ɗorawa a kusa, mai yawan ganye, akwai kuma tsohuwa can bayan rijiya, wadda mahaifinsa ya bari ta zama shaidar iyaka. Shi da ya girma a gonar, idonsa tsohuwar kaɗai yake gani.

Dattijon ya juya wurin safiyo ya ce, "Kai kuma da ka ga biyu, me ya hana ka tambaya?"

Safiyo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ga yana sauri. Na ɗauki ta kusa."

Sai mutumin ya ratsa gonar da ƙafa, ya wuce dutsen, ya wuce rijiyar, ya ɗora tafinsa a jikin tsohuwar ɗorawa ya ce, "Wannan ce." Nan take ya biya sauran ladan, safiyo kuma ya ce zai sake awo ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Da sassafe ran Litinin safiyo ya isa ofis, ya tarar takardu uku kacal suka rage kafin hatimi ya hau tasu, ya janye ta.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar nan gidanka ne, rijiyar kuwa bangaskiya ce wadda kake so ta wuce ga 'ya'yanka. Safiyo shi ne duk wanda ka danƙa wa renonsu, ko malamin makaranta, ko mu da muke koyar da su a nan. Da yawa cikinmu, iyaye, da baki muke nuna hanyar Ubangiji. Kaya a ka, ƙafa ɗaya a hanyar kasuwa, sai mu ce wa yaro, "Ka bi Allah," mu wuce. Yaro kuwa zai duba ya ɗauki ta kusa, mai yawan ganye. In ya girma a karkace, sai mu zo da fushi muna neman wanda ya ɓata aiki. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin na ga ya faru a gidaje masu kyau. Mu malamai ma muna da namu laifi, gama sau da yawa mukan ga abu bai fito sarai ba, mu ƙi tambaya.

Manomin nan ya yi sa'a, an janye takardarsa kafin hatimi. Kai ba ka san ranar da za a buga naka ba. Saboda haka yau in ka koma gida, ka sauke kayan nan, ka kama hannun ɗanka, ku taka tare har gindin gaskiya, ka ɗora tafinka a kai ka ce masa, "Wannan ce."