Durom ɗin Sadakar Alhaji Ndakotsu

Akwai wani attajiri a Minna, Alhaji Ndakotsu, mutumin Bida, mai masana'antar haɗa maganin feshin gona a hanyar Gidan Kwano. Gaskiya ba mugu ba ne. Amma in ya faɗi magana, ko limamin da ya raɗa masa suna bai isa ya gyara masa ba. Ga son yabo kamar akuya da dusa.

Sinadarin da suke aiki da shi daga Kaduna ake ɗauko shi, cikin manyan durom-durom na roba shuɗɗa. Kamfanin da ke sayar musu yana karɓar fankon ya sake cikawa, don kada ya faɗa hannun jama'a.

Dorothy, wadda ke kula da zirga-zirgar motocinsa, ta tsara cewa duk motar da za ta je ɗauko kaya ta tafi da fankon.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ke Dorothy, motata ta tashi daga ƙasar doya, ta tafi Kaduna ɗauke da iska? Doya za ta ɗauka."

"Oga, robar nan ta sha guba. Ko an wanke ba ta fita."

"Wannan zancen 'yan boko ne. Je ki yi aikinki."

Haka motoci suka ci gaba da jigilar doya, durom kuwa ya yi ta taruwa a bayan masana'anta har ya fi katanga tsayi.

Azumi ya zo cikin tsakiyar bazara. Famfo ya ƙafe a unguwar Tudun Fulani, 'yan ga-ruwa suna ja wa mutane aji. In ruwa ya zo na ɗan lokaci, mata ba su da abin tarawa sai bokitai.

Alhaji ya dubi tarin nan ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Zai rabar da su sadaka: ya huta da tarkace, ya samu lada, gari ya ɗauka.

Dorothy ta same shi a ofis, idonta ya yi ja.

"Oga, don Allah, in sadaka za ka yi, ka sayi sababbi. Mutane za su sha ruwa a ciki, har da yara."

"Tsakanina da lada kike son shiga?"

Ta ce ita dai ba za ta ba da mota ba. A ranar ya sallame ta. Ya kira Muttaka, direbansa da ya daɗe tare da shi.

"A wanke su da sabulu da ruwan zafi, a kai Tudun Fulani. Ka zaɓi mai kyau ka kai gidanka."

"Allah ya ƙara buɗi, ranka ya daɗe."

Ranar rabo mata suka yi ta guɗa. Aka ɗauki hotuna, aka watsa a waya, Alhaji yana ta murmushi kamar gonar auduga.

Bayan Sallah sai unguwa ta rikice da amai, jiri da ciwon ciki. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce kwalara. Manya suka sha wuya suka tashi. Mubina, autar Muttaka, da ko makaranta ba ta fara ba, ita ba ta tashi ba. Kafin ta cika, likita ya tambayi uban a cikin me suke tara ruwan sha. Da ya faɗa masa, likitan ya dafe kai.

Maganar ta kai kunnen Alhaji. Gabansa ya faɗi, amma bakinsa ya ce ƙaddara ce, kowa da ajalinsa. Ya saka babbar riga, ya sa aka ɗora buhun shinkafa, ya tafi ta'aziyya.

Aka ba shi wuri a kan darduma, ƙarƙashin rumfa, cikin dattawan unguwa. Da aka shafa addu'a, Muttaka ya miƙe ya shiga gida. Ya fito da kofin silba cike da ruwa, ya durƙusa a gabansa.

"Alhaji, ga ruwa. Ka sha rana."

Alhaji ya karɓa. Kafin ya kai baki, wani ɗan wari ya daki hancinsa. Duk Minna ba wanda ya fi shi sanin warin nan.

"Na gode, Muttaka. Ba na jin ƙishi."

Muttaka bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi ba. Hawaye kawai ke bin gemunsa.

"Sha mana, ranka ya daɗe. Da hannuna na wanke durom ɗin, yadda ka ce. Ruwansa Mubina take sha."

Duk rumfa ta zuba wa Alhaji ido. Kofin na nan a hannunsa. Ya kasa sha, ya kasa ajiyewa, ya kasa ɗaga ido ya dubi kowa.

Darasi: Sharar sana'arka amana ce a wuyanka har sai ta isa inda ba za ta cutar da kowa ba, kuma abin da ba za ka sha ba, kada ka ba wani da sunan sadaka. Ku tura wa masu masana'antu, direbobi, da duk gidan da ke tara ruwa a durom ɗin da ba a san asalinsa ba.