Bizar Sahabi ta Wata Uku

Akwai wani matashi a Yelwa ta Yauri mai suna Sahabi, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ubansa, Alhaji Ɗanbaba, babban ɗan kasuwar shinkafa ne. Daga Shanga da Wara kwale-kwale ke kawo masa kaya har bakin ruwa.

Sahabi yana da ƙwaƙwalwa, babu mai musun wannan. Sai dai a ganinsa duk Yauri shi kaɗai Allah ya ba hankali. Dattijo na masa magana, shi yana duba agogo.

A shekarar 1984 wata jami'a a Jamus ta Yamma ta ba shi gurbin karatun injiniya. Ta kuma ba wani ɗan ajinsu, Cindo, ɗan masunci daga Wara.

Malam Wakili, tsohon malaminsu na sakandare wanda ya taɓa yin kwas a Turai, ya kira su biyun zaurensa.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Takardar jami'a ba ita ce izinin shiga ƙasa ba. Bizar ɗalibi za ku nema a ofishin jakadancinsu a Ikko. Za su nemi shaidar mai ɗaukar nauyinku, kuma sai kun yi jira, ko wata biyu ne ko uku. In kun sauka, ku yi rajistar gidan da kuke zaune, ku yi inshorar lafiya, sannan ku karɓi izinin zama. Kada wanda ya shiga da bizar baƙo. Ba a juya ta ta koma ta ɗalibi."

Cindo ya rubuta komai a bayan ambulan. Sahabi kuwa dariya ya yi.

"Malam, wanga duk zancen zamaninku ne. Wata shida kuka yi can, aka koya muku riƙon alli. Mu jami'a da kanta ta kira mu."

Malam Wakili ya dube shi, ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya."

A Ikko, Cindo ya sauka wajen 'yan garinsu masu sayar da busasshen kifi. Kullum da sassafe yana kan layi da takardunsa. Sahabi yini ɗaya ya yi a layin, rana ta buge shi, ya ce wannan ba aikin irinsa ba ne.

Nan bakin ƙofa ya haɗu da wani dillali mai kwat da jaka, wanda ya ce zai sama masa bizar baƙo ta wata uku cikin mako guda. "In ka isa can, duk sai ka gyara," in ji mutumin.

Ranar da fasfonsa ya fito, Sahabi ya zo har layi don Cindo ya gani.

Cindo ya duba, ya ce, "Sahabi, ai wagga ita ce Malam ya hana."

"Kai dai yi ta jira," in ji Sahabi. "Ai jira gadonku ne. Ubanka ma yini yake a ruwa yana jiran kifi."

Ya koma Yelwa aka yanka rago, aka yi walima. Ya zaga dangi yana ban kwana kamar wanda aka naɗa gwamna.

Da ya isa Jamus, a ofishin jami'a aka fara tambayarsa izinin zama. Ya tafi ofishin kula da baƙi. Jami'in ya buɗe fasfon, ya rufe, ya gaya masa da Turanci cewa wannan bizar ta ziyara ce. Ya ce masa ya koma gida kafin ta ƙare, ya nemi ta ɗalibi. Jami'a ma ta yarda ta ajiye masa gurbinsa zuwa zango na gaba.

Jama'a, ku duba wannan dama. Amma gogan naku tebur ya buga.

"Ka san ko ni ɗan wane ne?"

Jami'in ya ce bai sani ba, ya kira na bayansa.

Sahabi ya yi tunanin komawa Yelwa bayan an ci ragonsa, ya ga ba zai iya ba. Sai ya maƙale a ɗakin wani ɗan Afirka da ya tausaya masa. Ba aji, ba rajista, ba aiki. Abin da ya iya kawai shi ne ya jingina da motar mutane a ɗauke shi hoto, ya aiko gida da wasiƙa yana cewa karatu ya yi zafi.

A lokacin nan Cindo ya samu bizarsa bayan mako goma sha ɗaya. Ya iso a makare, ya bi abin da ke bayan ambulan ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ya shiga aji. Da ya gano halin da Sahabi ke ciki, ya same shi ya roƙe shi.

"Ka koma yanzu, don Allah. Kwana tara suka rage maka. Ni zan raka ka tashar jirgi."

"Ɗan masunci ne zai koya mini zaman Turai?"

Kwana taran suka wuce. Wata biyu suka bi bayansu. Ran nan 'yan sanda suka tare shi a tashar jirgin ƙasa, suka nemi takardu. Mako bai zagayo ba aka sa shi a jirgi, da hatimi a fasfonsa na hana shi dawowa.

Ya sauka tashar Yelwa ana tsakiyar zafin bazara, sanye da ƙatuwar rigar sanyi, gumi na zuba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Hutu aka ba mu."

Mako uku yana wannan hutun. Sai ga wasiƙa daga jami'a zuwa ga Alhaji Ɗanbaba, a matsayinsa na mai ɗaukar nauyi. Alhaji ba ya karanta boko, don haka ya kira 'yarsa Rahamatu, malamar firamare, ta karanta a tsakar gida. Sahabi na zaune yana shan shayi.

Rahamatu ta kai tsakiya, ta dakata.

"Ci gaba," in ji Alhaji.

"Baba, sun ce bai taɓa shiga aji ba. Sun ce an ba wani gurbin."

Innarsu ta dafe ƙirji. "Sahabi, to hotunan nan hwa?"

Kofin ya tsaya masa a hannu.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ninke wasiƙar, ya sa a aljihu, ya tashi ya zura takalmansa.

"Gobe da sahe akwai shinkafa da za a sauke daga Shanga," in ji shi. "Ka tuɓe wagga riga ka same ni bakin ruwa. Can ba a tambayar biza."

Darasi: Dokar ƙasar mutane ba ta san sunan ubanka ba. In za ka fita karatu, nemi bizar da ta dace da kai, yi rajista a kan lokaci, kuma kada girman kai ya hana ka jin maganar wanda ya riga ka zuwa. Ku tura wa duk ɗalibin da ke shirin tafiya, ko iyayen da ke shirin tura nasu.