Kwalta a Bangon Bayumi

Yaya Rif'at, kai ne kake ba ni labarin nan idan ka tashi daga aiki, muna zaune bakin teku, hannunka duk fenti. Tun da muka raka ka makwancinka ban buɗe shafin nan ba sai yau. Ban iya jera magana kamarka ba, amma zan faɗe shi yadda na ji daga bakinka. Jama'a, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wani mai zane a unguwarmu ta Anfushi, a birnin Iskandariyya, zamanin yaƙin Hitila. Sunansa Nasim. Bayahude ne, haifaffen unguwar, kuma shi yake zana manyan allunan silima. Yana haya a ɗakin da ke saman shagon gahawar Mu'allim Bayumi, shi da mahaifiyarsa Inna Rahila, wadda ƙafafunta suka daina aiki amma harshenta bai taɓa hutawa ba.

Bayumi mutum ne mai tumbi da dariya mai ƙara. Da Nasim suke karyawa kullum, gurasa ɗaya, gishiri ɗaya. A wurinmu kuwa, wanda ka ci gurasa da gishiri da shi ya wuce maƙwabci. Ba ya kiransa da suna, sai dai "ɗana".

Da sojojin Ingila suka cika gari, kowane shago yana neman abin da zai jawo su. Bayumi ya dubi faffaɗan bangonsa mai kallon titi, ya ce, "Ɗana, bangon nan zaune yake kamar gwauro. Zana mana mutumin nan na Jamus yadda kowa zai yi dariya."

Nasim bai jira a roƙe shi ba. Yana da ƙanwa da aka aurar a Girka, kuma tun da Jamusawa suka shiga ƙasar labarinta ya yanke. Abin da ya kasa faɗa wa tsohuwarsa, shi ya zuba a bango.

Ya zana ƙaton ɓera mai guntun gashin baki, gashin goshinsa ya zubo gefe guda. Ɓeran ya faɗa cikin tarun masunta, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana sarawa, alamar nan ta 'yan Nazi mai karyayyun hannuwa huɗu tana rataye a wutsiyarsa. A ƙasa kuma kyanwowin bakin teku sun zauna a jere, kowace ta ɗaura ƙyallen cin abinci a wuya, suna jira.

Ranar da ya gama, har mai keken doki sai da ya tsaya yana dariya, fasinja na zaginsa.

Nasim ya fara wanke buroshi, Bayumi ya riƙe masa hannu.

"Ina sunanka?"

"Bar shi haka, Mu'allim. Zamani ne na yaƙi."

"Haba ɗana. Ana yin ɗa a hana shi suna? Rubuta. Muddin ina raye wa zai taɓa ka?"

Sai ya rubuta sunansa da jan fenti a kusurwar ƙasa.

Shago ya cika. Sojoji suna zuwa ɗaukar hoto gaban ɓera, 'yan unguwa suna zuwa kallon sojoji. Duk wanda ya zauna sai Bayumi ya gaya masa cewa shi ya kawo shawarar kyanwowin. Nasim yana ji, sai dai ya yi murmushi.

Da bazara ta tsaya, labari ya juya. Jamusawa suka keto hamada har ana jin rugugin igwarsu daga cikin gari. Jiragen ruwan yaƙin Ingila suka bar tashar teku. Duk wanda yake da dalilin tsoro ya nufi jirgin ƙasa, Yahudawan unguwa suna rufe ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya.

Nasim ya je tashar jirgin ƙasan ya gani da idonsa. Mutane har kan rufin taragu. Mai ƙafa biyu ma da ƙyar yake shiga, balle tsohuwar da sai an ɗauka. Ya dawo ya zauna bakin gadonta.

Ta ce, "Tafi kai kaɗai. Ni me za su yi da ni, su dafa?"

"Ko sun dafa ki ba za ki nuna ba, Inna. Ina nan."

Duk fatansa a lokacin bai wuce a manta da su ba. Ɗaki ne a sama, ƙofa ƙarama, babu wanda zai ɗaga kai in ba an nuna masa ba. Ya yi niyyar ya sauka da safe ya goge sunansa daga bango.

Bayumi ya riga shi.

Da hantsi Nasim ya ji ƙarar kankara. Ya leƙo, ya ga Bayumi a kan tsani yana kankare ɓera da wuƙar fenti, gumi na zuba. A gefensa ga gwangwanin kwalta da ya karɓo daga wurin Baba Dasuƙi, tsohon da ke toshe ɓarakar jiragen masunta. Ya ce masa rufin shagonsa ne ke yoyo. Baba Dasuƙi ya ce, "Yoyo a tsakiyar bazara? To Allah ya sawwaƙe," ya ba shi.

Kafin Nasim ya sauko, ɓera ya tafi, kyanwowi sun tafi. A wurinsu Bayumi ya shafa alamar 'yan Nazi, baƙa ƙirin, ta fi mutum tsayi. Jan sunan da ke kusurwa kuwa bai taɓa shi ba. Ya zagaye shi da kwalta, ya ja kibiya tana nuna tagar sama, ya rubuta: "Bayahuden da ya zana yana nan."

Nasim ya tsaya yana karantawa.

"Mu'allim, tagar uwata ce wannan."

Bayumi bai ko sauko ba. "Kada ka ɗauke shi da zafi. In sun shigo za su tambaya wa ya yi, gara su tarar da amsa a rubuce."

"Kai ka ce in sa sunana."

"Na ce. Jiya ke nan. Ni ɗan kasuwa ne, Nasim. Duk wanda ya auri uwata, Baba zan kira shi."

Wannan ne karon farko da ya kira shi da sunansa.

Masu shan gahawa suna zaune. Wani ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, wani ya ci gaba da dara kamar bai ji ba. Shirun nan ya fi kwaltar wari.

Sai ga Baba Dasuƙi ya zo karɓar gwangwaninsa. Bai iya karatu ba, ya sa aka karanta masa. Ya dubi bango, ya dubi Bayumi, ya tofar da yawu a gindin tsani.

"Ashe wannan ne rufin. Riƙe gwangwanin, na bar maka. Abin da ya shiga hannunka ba ya komawa jirgin mutane."

Ya juya ga Nasim. "Kai kuma ka tsaya kamar gunki. Hau ka tattara wa tsohuwarka magungunanta."

Da rana tsaka, kowa yana gani, suka sauko da Inna Rahila a kan ƙyauren ƙofa, masunta huɗu suna riƙe. Da suka zo daidai tsani ta ce a tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi Bayumi.

"Ranar da matarka take naƙuda, ni na riƙe ta. Da na san irin uban da zan miƙa wa yaron, da na miƙa wa kyanwa."

Wani masunci ya ƙyalƙyale da dariya har ƙyauren ya karkace. Ta ce, "Ka kayar da ni, in tashi in bi ka."

A bayan wurin gyaran jirage Baba Dasuƙi yake da ɗaki biyu. Ya ba su ɗaya, shi da matarsa da jikoki suka matsu a ɗayan. Nan suka yi bazara. Idan igwa ta yi ruri, matar Dasuƙi takan zo ta zauna kusa da tsohuwa suna tsince shinkafa, kowace tana addu'a da irin tata. An shirya jirgi guda a bakin ruwa, ko da za a ce an shigo.

Jamusawan ba su shigo ba. Da kaka ta yi, aka karya su a hamada, suka juya da gudu.

Ranar da labari ya iso, kafin azahar Bayumi ya dama farar ƙasa bokiti biyu ya shafe bango tas. Da ta bushe, bangon ya yi fari kamar likkafani. Ya rataya tutoci, ya sa ranar walimar nasara, ya gayyaci mai unguwa da wasu hafsoshin Ingila. Sannan ya wanke fuska ya nufi wurin gyaran jirage da tiren kunafa, kayan zaƙin nan namu, a hannu.

"Ɗana," in ji shi, hannu ɗaya a buɗe. "Shaiɗan ne ya shiga tsakani. Ɗakinku yana nan. Zo ka mayar mana da ɓeranmu kafin walima, har da kyanwowin."

Nasim yana shafa wa wani jirgi fenti. Bai ajiye buroshi ba.

"Hannuna ba ya komawa bangon nan, Mu'allim."

"Don ɗan abin nan? Ai dabara ce na yi, don in kare mu duka."

Daga cikin ɗaki muryar Inna Rahila ta fito: "Ajiye kunafar ka tafi. Ita ba ta yi mana laifi ba."

Samarin masunta suka ce wa Nasim ya kai ƙara wurin sojoji, ai shaidu sun yi yawa. Ya girgiza kai. "Na ga yadda nuna mutum da yatsa yake. Ba zan koya daga wurinsa ba."

Ku da ba 'yan nan ba, mu a Iskandariyya kowane ruwan hunturu da sunansa. Na farko-farkonsu muna ce masa Tsintsiya, don yana share teku da tituna. Kowane masunci ya san lokacinsa. Bayumi, da ya yi rayuwarsa a bayan murhun gahawa yana kallon aljihun mutane, bai taɓa ɗaga kai ya dubi sama ba. A makon Tsintsiya ya sa walimarsa.

An jera tebura a titi. Mai unguwa ya zauna, hafsoshi suka zauna. Bayumi ya tsaya gaban farin bangonsa yana jawabi, yana cewa shi tun farko ya san ɓera ba ya cin kyanwa, kuma a nan wurin aka fara yi wa azzalumi dariya.

Iska ta taso daga teku. Ruwa ya sauko a karkace, kai tsaye kan bango.

Farar ƙasa ba ta kama kwalta. Ta fara zuba kamar madara, tana bin ƙafafun baƙi. Jama'a suka ruga ƙarƙashin rumfar shagon da ke tsallake, suka juyo, babu abin kallo sai bango. Hannu ɗaya na alamar ya fito, sannan na biyu. Sai kibiya. Sai rubutun, harafi bayan harafi.

Bayumi ya cire rigarsa yana ƙoƙarin rufewa. Ina riga za ta rufe abin da ya fi mutum tsayi?

Wani hafsa ya tambayi mai unguwa abin da aka rubuta. Mai unguwa ya kawar da kai. Waɗanda suka sunkuyar da kai a cikin kofi ranar nan, yau ma ƙasa suke kallo, don bangon ba Bayumi kaɗai ya tona ba.

Ana cikin haka sai ga Nasim ya tsallako titi cikin ruwa, wuƙar fenti a hannunsa. Bayumi ya ja da baya har ya zauna cikin kwata.

"Ɗana, don gurasa da gishiri..."

Nasim bai dube shi ba. Ya durƙusa a kusurwar bango, ya kankare jan rubutun a hankali, ya tara ɓarɓashin a tafin hannunsa.

"Sunana na zo ɗauka," ya ce. "Sauran naka ne."

Babu wanda ya kama Bayumi, babu wanda ya doke shi. Washegari dai masu dara suka zo suka ɗauki allunansu. Aka daina zama. Ya sake shafa farar ƙasa, kwalta ta huda ta fito rawaya-rawaya, sannan ta koma baƙa. Ya sake, ta sake. A ƙarshe ya sayar da shagon ya bar unguwa, kuma har yau in mutum ya cika fuska biyu, tsofaffinmu sukan ce masa bangon Bayumi.

Nasim ya sake zana ɓeran, amma a goshin jirgin Baba Dasuƙi, kyanwowi a jere har wutsiyar jirgi. A nan ya sa sunansa ba tare da kowa ya ce ya sa ba. Ƙanwarsa ba ta dawo ba. Duk da haka kowace asuba ɓeran nan yana fita teku a cikin taru, yara na binsa da dariya a bakin gaɓa.

Darasi: Wanda ya sayar da maƙwabcinsa don ya tsira da shagonsa, ya rasa maƙwabcin, ya rasa shagon. Cin amana kwalta ce, ko ka shafe ta da fari akwai ruwan da zai zo. Kuma in ana zaluntar wani a gabanka, kada ka zama mai kallon cikin kofi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana kan tsani yanzu da gwangwani a hannu, ya karanta ya sauko.

Yaya, ranar da aka yi ruwan Tsintsiya na bana na bi ta layin. Bangon yana nan, sun yi masa shuɗin fenti, amma da ya jiƙe na ga inuwar baƙin tana motsi a ƙasa. Na juya in nuna maka, sai na tuna ba ka nan. Ban gaya wa kowa ba sai yanzu.