Gidan Da Baba Tanimu Zai Zauna

Ku gyara zama, ga abin gardama na kawo muku.

An yi wani dattijo a garinmu, Tanimu maɗinki, mai 'ya'ya uku: Ladidi, Sabo da autarsu Dije. Da tsufa ya kama shi, sai ya fara ganin yara zaune a kan kekensa na ɗinki, alhali ba kowa. Yau ya yi hira garau, gobe ya kasa gane ƙofar ɗakinsa. Dangi suka ce hauka ne, suka sayo masa ƙwayar masu taɓin hankali. Jikinsa ya sandare, har haɗiyar ruwa ta gagare shi.

Ladidi ce ta lura cewa ƙwayar ce ke ƙara kwantar da shi. Ta hana a ba shi, ta sha zagi wajen baffanninta. Ba don ita ba, da tuni an yi zaman makoki.

Sabo direba ne. Ya yi ta yawo da uban asibiti-asibiti ana ce masa tsufa ne kawai, bai haƙura ba sai da ya kai shi gaban wata likitar ƙwaƙwalwa a Kano. Ita ta gano ciwon mantuwa ne irin wanda ba a cika gani ba, mai zuwa da gane-gane. Ta ce ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi, ta sauya magani.

Sai Baba ya ƙi sha, wai guba ce. Dije kaɗai ta iya da shi. Takan shiga ta ce wa yaran da ba ta gani, "Ku ba mu wuri, Baba zai sha magani." Sai ya buɗe baki.

Da ya samu sauƙi, likita ta ce 'ya'yan su daina zagayawa da shi gidajensu, ya zauna gidan mutum ɗaya, domin sauyin wuri na rikita shi. Nan kishi ya tashi.

"Gawa za ka kai Kano ba don ni ba," in ji Ladidi.

Sabo ya ce, "Yaya, ke ko sunan ciwon kin sani?"

Dije ta ce, "To, ku ba shi maganin da hannunku mu gani."

Wata rana da hankalinsa ya dawo, suka tambayi Baba gidan wa yake so ya zauna. Ya riƙe hannun Ladidi, ya kira ta da sunan Dije, sannan ya tambaya ina Sabo, ga shi kuwa a gabansa. Kowannensu ya fita da ƙunar rai.

To, jama'a, wa ya fi cancanta ya riƙe tsohon nan?