Rumbun Kwari da Rumbun Tudu

Akwai wani mutum, manomi, wanda ya kafa gidansa a kwari kusa da kogi, gama ƙasar wurin baƙa ce mai ba da amfani. Wata shekara Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, dawa ta yi kyau har tsohon rumbunsa ya kasa ɗaukarta. Sai ya ce zai gina sabo, ya zuba abincin da iyalinsa za su ci har kaka ta zagayo.

Kowa ya san ba a kafa rumbu a ƙasa. A kan duwatsu ake ɗora shi, saboda gara da laima. Maƙwabtansa dutse ɗai-ɗai suke sawa, shi kuwa ya ɗora dutse kan dutse, yana liƙewa da laka, har suka kai ƙugunsa. Akuya takan shiga ƙarƙashin ta tsaya ba ta sunkuya ba. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya zama in ya je gaisuwa gidan mutane sai ya faki ido ya auna gindin rumbunsu da sandarsa. Bai taɓa samun wanda ya kai nasa ba.

Wata rana ya je gai da kawunsa, wani tsoho da ke zaune a kan tudu. Ya hau yana haki, ya sha ruwa, sa'an nan ya kai sanda gindin rumbun tsohon. Taƙi ɗaya ne kawai, kaza ma sai ta rusuna take shiga. Ya yi dariya, ya ba kawun labarin nasa.

Tsohon ya ce, "Ɗana, daga ina ka fara awon?"

Ya ce, "Daga ƙasa mana, Kawu."

"Ƙasar wa? Da za ka zo nan, hawa ka yi ko gangara? Ruwa ba ya fara awo daga tsakar gidanka. Daga kogi yake farawa."

Ya kuma roƙe shi ya kawo ko dammuna kaɗan ne ya ajiye a tudu kafin damina. Mutumin ya ji kunya a ce mai rumbu irin nasa yana ajiya a rumbun da kaza ke rusuna wa. Ya yi godiya, ya gangara gida, bai kawo ba.

Da damina ta yi tsakiya, aka yi marka, kogi ya cika ya batse. Da hantsi ruwa ya shigo tsakar gida. Mutumin bai damu ba, yana duban duwatsunsa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya taɓa gindin rumbu, laka ta jiƙe. Sai tsoro ya kama shi, ya kwashi iyalinsa suka hau tudu.

Can ya zauna gindin rumbun kawunsa. Ƙarƙashin a bushe yake, kaza na kwance da 'yan tsakinta. Ya leƙa kwari, ya hango jinkar rumbunsa tana yawo a kan ruwa, can ƙasa da tafin ƙafarsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya rufe fuska ya yi kuka. Tsohon bai tuna masa da maganarsu ba, sai ya hau rumbu ya sauko da dami ya miƙa wa matar mutumin.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsawo iri biyu ne. Akwai nisan da ke tsakaninka da ƙasar da kake tsaye, akwai kuma tsawon ita kanta ƙasar. Duwatsun nan su ne ayyukanmu masu kyau: zuwa sujada, ba da baiko a coci, waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Ba laifi ba ne, rumbu yana bukatarsu. Sandar kuwa ita ce halinmu na auna kanmu da maƙwabci, mu ce mun fi wane. Amma ranar gwaji ba ta tambayar wa ka fi. Tudun shi ne Almasihu, duk wanda ke tsaye a kansa, ko da duwatsunsa taƙi ɗaya ne, ya tsira.

'Yan'uwa, wasunmu sun daɗe suna ɗora dutse kan dutse a cikin kwari. Ku ajiye sandar, ku hau tun hanya tana bushe.