Hakimi Barau da Aminin Ɗansa

An ce a garin Rafin Gwaza an yi wani hakimi, Barau, wanda ɗansa na fari ya rasu bai zubar da hawaye ba, har ana yabon dauriyarsa. To amma duk ranar da Jatau, aminin marigayin, ya zo gaisuwa, sai ran hakimi ya ɓaci, shi kansa bai san dalili ba. Rannan ana masa aski ya ce gobe zai kori Jatau daga garin.

Wanzaminsa, tsoho Na-Allah, ya ɗage aska ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta Tabawa."

Hakimi ya ce, "Wace ce kuma Tabawa?"

Na-Allah ya gyara zama ya ce:

"Wata mai fura ce. 'Yarta ta rasu, ta haɗiye abin a ciki. Tun daga nan, da ta ji maƙwabta na lugude sai ta hau su da zagi, har unguwa ta ƙaurace mata. Ta kai ƙara wajen ungozomarsu. Tsohuwa ta ce, 'Ke dai zauna ki ji labarin manomi da karensa.

"'Kare ne ya tsaya gaban rumbu yana ta haushi. Manomi ya ce ɗan banzan nan ya ishe shi, ya kore shi da sanda, ya samu shirun da yake so. Ashe wuta ce ke cin hatsin ta ciki! Ruwa ba ya tsami banza, Tabawa. Kafin ki kori kare, duba inda ya kafa ido.'

"Tabawa ta ce, 'Wayyo, da 'yata muke lugude.' Nan ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. To kai, ranka ya daɗe, in Jatau ya durƙusa, me kake gani?"

Hakimi ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Tare suke shigowa da marigayin. In na gan shi sai idona ya nemi na bayansa." Ya ƙara da cewa, "Kewarsa nake, Na-Allah. Kunyar ɗan fari ta hana ni ko kiran sunansa yana raye. Ka yi gaskiya."

Ya aika aka kirawo Jatau, ya shigo ya durƙusa. Hakimi ya nuna masa gefen shimfiɗa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Matso nan, ɗana. Ba ni labarin amininka Sallau. Yaya yake dariya in ba na wurin?"